Ranar da Birki Ya Hau Gadar Auta

A garejin kamfanin babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Birki ake ce masa, kuma wallahi ya ci sunan. Mutum ne da in ya hango rami a titi, tun ramin bai san da zuwansa ba ya riga ya taka birki. Shekara da shekaru yana jan tifa, ko kaza bai taɓa takewa ba. 'Yan'uwansa direbobi suna tsokanarsa wai in ka aike shi ɗebo yashi da safe, to ka ci abincin rana ka yi barci tukuna. Shi ko a jikinsa. Bai yarda da komai ba sai abin da ya gwada da kansa. Taya sai ya doke ta da ƙafa, baƙin mai sai ya zaro sanda ya duba, hanyar da bai sani ba kuwa sai ya sauka ya taka ta da takalminsa kafin ya ɗora mata mota.

A gida kuma Yaya ne, ɗan fari a wurin Mama. Tsakaninsa da Auta akwai tazara mai yawa. Shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan keke tana riƙe da gefen rigarsa, shi ya sha share mata majina da hannunsa. To Autar nan ce ta girma ta zama injiniya, har kwanan baya wata ƙungiya ta shirya taron karrama matan da suka yi fice a kimiyya da gine-gine, aka kira ta aka ba ta lambar yabo, wani gilashi mai nauyi da aka zana sunanta a jiki. Mama ta ɗora shi a kan talabijin, kullum sai ta goge shi da gefen zani. Birki bai je taron ba, ya ce yana da lodi. Da ya zo gida ya ɗaga gilashin, ya juya shi gaba da baya, ya ajiye.

"Mama, irin wannan ai don a faranta wa mata rai ake yin sa," in ji shi. "Aikin gaske yana hannun maza. Ita takardu take riƙe musu."

"Kai dai bakinka ya fi motarka gudu," in ji Mama.

Auta tana kicin tana jin su. A yi wa Birki adalci, ba ƙiyayya ba ce. Yana son yarinyar nan kamar ransa. Abin ne dai ya ƙi shiga kansa, wai wadda ya koya wa ɗaure igiyar takalmi ita ce za ta iya abin da shi bai gane kansa ba.

Ana nan sai manajan gareji ya tara su ya ce an ɗauki hayar tifofinsu duka. Za a cika su da tsakuwa, a auna kowace a sikeli, a kai su sabuwar gadar da aka gama a bayan gari. Kafin a buɗe wa jama'a gada sai an jibga mata nauyi an ga yadda za ta yi, su ne nauyin. Birki ya san Auta tana aiki a wurin, har ya ce a ransa zai leƙa ofishinsu ya ga ko ana ba ta abinci a kan lokaci.

Da suka iso da safe ya kashe mota ya sauko, sai ya tsaya riƙe da ƙofa. Ya sha ganin gadoji, amma wannan daban ce. Ta tashi daga wannan gaɓa ta miƙe sambal zuwa waccan, fara tas, rana tana dukan ta. Kogin ya ja baya a lokacin, ruwan ya koma gefe guda, tsakiya sai yashi. Tsakanin manyan ginshiƙai biyu na tsakiya akwai wata rata mai faɗin gaske, babu komai a ƙarƙashinta sai iska da tsuntsaye suna giftawa. Ta yi kyau har ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Amma ta yi masa siranta, kuma shi duk abin da ya yi masa siranta bai kwanta masa ba.

Aka ce direbobi su matso. Wurin cike yake da maza, magina da masu ɗaurin rodi da masu walda da wasu manya masu duba aiki, kowa da hular kwano, hayaniya kamar tasha. Sai wata mace mai farar hula ta hau bayan wata a-kori-kura ta ɗaga hannu ɗaya. Tsit. Ko tari babu wanda ya yi. Birki ya ƙura ido, ya murza, ya sake dubawa. Auta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, amma na can baya ma ya ji ta. Ta ce motoci za su hau ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya daidai inda aka yi masa alama da fenti, ya kashe inji. Ta ce za a ba kowane direba oba-oba, rediyon hannu na magana, abin da ta faɗa a ciki shi za a yi, ba ƙari ba ragi.

"Za ku ji ta ɗan sunkuya," in ji ta. "Kada gabanku ya faɗi, haka aka yi ta. Gadar da ba ta sunkuyawa karyewa take yi." Ta ɗaga babban yatsanta. "Ba za ta wuce faɗin wannan ba. In kun sauka za ta koma yadda take."

Cikin direbobin akwai wani da ake kira Aku, saboda ba a taɓa yin zance ya bari ya wuce shi ba. Ya ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, to in ta wuce yatsan fa?"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi.

"Ni zan fara sani, malam. Ina ƙasa."

Dariyar ta mutu. Wata tsohuwa da ke zaune a kujerar roba gefen motar, sanda a tsakanin gwiwoyinta, ta gyara murya. Farfesa ake ce mata. Ita ce shugabar masu duba aikin, kuma an ce rabin injiniyoyin da ke wurin ta hannunta suka bi.

"Ƙa'idata ce, kuma duk wanda na koyar ya san ta," in ji ta. "Wanda ya zana gada shi ke tsayawa ƙarƙashinta ya karanta awo da idonsa ranar gwaji. Wannan kuwa ita ta zana ta, tun daga tushe har kan titi."

Birki ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ba takardu take riƙewa ba ashe. Duk wannan abu da ya cika sararin sama daga kanta ya fito. Bai gama haɗiye wannan ba aka miƙo masa oba-oba aka ce motarsa ce ta farko, ita ta fi nauyi, kuma alamarsa tana tsakiyar ratar nan cif, daidai saman inda za ta tsaya.

Direbobi suka koma gefe suka haɗa kai. Babu wanda ya san ƙanwarsa ce, bai taɓa faɗa ba. Aku ne a gaba, yana magana ƙasa-ƙasa, wai shi yana da 'ya'ya ƙanana, wai da an ce mace ce ta zana da tun a gareji zai ce cikinsa na ciwo. Aka yi ta ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya.

"Birki, kai ne ba ka ɗora taya inda ba ka yarda ba," in ji Aku. "In ka hau, mu bi ka. In ka ƙi, kowa ya juya motarsa."

Shi ke nan, an ɗora masa. In ya ce a'a, babu gwaji yau, masu duba aiki su tattara su tafi, kafin magariba gari ya ɗauka cewa direbobi sun ƙi hawa gadar mace, kuma irin wannan magana ba ta wankuwa. In ya ce e, shi da hannunsa zai tuƙa dutse cike da mota ya ajiye a saman kan ƙanwarsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba.

Ya gangara gaɓar kogin yana zamewa. Ya same ta a bakin igiyar da aka kewaye wurin da ita, tana gyara maɗaurin hularta.

"Ke, zo nan."

Ta juyo. "Yaya, ina kwana. Na gan ka tun ɗazu."

"Bar gaisuwar. Ba za ki shiga ƙarƙashin nan ba. Ki sa wani."

"Wa zan sa, Yaya? Ƙanin wa?"

Ya kau da kai gefe.

"In ni ban yarda in tsaya ba," in ji ta a hankali, "da wane ido zan ce wa mai goyo ta bi ta kai gobe?"

"Zan kira Mama yanzun nan."

"Ta sani tun jiya. Cewa ta yi in sa takalmi mai kyau kada yashi ya shigar min."

Haushi ya turnuƙe shi, na Mama da na Auta da na Aku gaba ɗaya. Ya taka zuwa ginshiƙin da ke kusa ya doke shi da ƙafa kamar yadda yake yi wa taya. Babu abin da ginshiƙin ya gaya masa, sai yatsansa da ya yi zafi. Ya shafa kankaren, ya ɗaga kai sama har hularsa ta kusa faɗuwa. A nan dabararsa ta ƙare. Wannan ba abin da za a gwada da takalmi ba ne.

"To in na ce ba zan hau ba fa?"

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba a gida.

"Ba zan roƙe ka ba, Yaya. Mota taka ce."

Ta ɗaga igiyar ta sunkuya ta shige. Ya bi ta da kallo tana tafiya a kan yashi, 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin wannan ƙaton abu, ba ta waiwayo ba. Sai ya ga abin da bai zata ba. Masu ɗaurin rodi da magina, ƙarti majiya ƙarfi, wasu da furfura, suka fara ɗaga igiyar suna bin bayanta, babu wanda ya sa su. Ta juyo ta kore su da hannu, ta ce doka ba ta yarda ba. Suka dawo ba da son ransu ba, suka jeru a bakin igiyar. Wani dattijo a cikinsu yana ta gunaguni, wai rodin da ta bi ɗaya bayan ɗaya da hannunta cikin rana kafin a zuba kankare, shi ne yau za a hana shi tsayawa ƙarƙashinsa.

Farfesa ta iso tana dogara sanda, wani ya biyo ta da kujerarta. Ta tsaya kusa da Birki ta ƙare masa kallo.

"Kai ne yayan nata ko? Hancin ɗaya ne."

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Na bi lissafinta ina neman kuskure da gangan, don aikina ke nan. Har haushi na ji da ban samu ba." Ta ɗaga igiyar da kan sandarta. "Riƙe min nan in wuce."

Ya riƙe mata. Tsohuwar ta shige, ta karɓi kujerarta ta ja ta da kanta har gefen Auta, ta zauna. Kunya ta rufe Birki. Ga mutanen da ba su haɗa komai da ita ba suna rige-rigen tsayawa inda take, shi da suka sha nono ɗaya yana nan yana dukan bango da ƙafa. Ya juya ya haura gaɓar. Bai kalli Aku ba, bai kalli kowa ba, ya buɗe ƙofa ya hau ya yi bismilla ya murza makulli.

"Tifa ta farko, taho," in ji muryarta a oba-oba.

Ya sa giya. Tayoyin gaba suka hau, na baya suka biyo. Bai taɓa tafiya a hankali irin ta ranar ba, shi da dama can ba gwanin sauri ba. Dama da hagu babu komai sai sarari, can ƙasa ruwa yana ƙyalli. Duk juyin taya sai ya ji kamar a ƙirjinsa take birgima. Ya hango alamar fentin tana matsowa.

"Kaɗan kuma. Kaɗan. Tsaya nan. Kashe."

Ya kashe. Ta madubi ya ga motar Aku ta taso, wata na bin ta, wata na bin waccan, sun cika alkawari. Kowace ta zo ta tsaya, ta baya da ta gefe, har gadar ta cika maƙil. Sai ya ji abin da ta faɗa. Ba girgiza ba ce, ba ƙara ba ce, wani ɗan saukowa ne a ƙarƙashin kujerarsa, kamar mutum ya zauna a bakin katifar da kake kwance. Ya rintse ido, duk addu'ar da ya iya sai da ya karanto. A oba-oba kuwa muryar Auta tana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai karanta sunayen yara a aji.

Can aka ce direbobi su sauko su bar motocin a wurin, nauyin zai ɗan jima a kai. Sauran suka nufi inuwa. Birki ya gangara da gudu, mutumin da ba a taɓa gani yana gudu ba. Mai tsaron igiya ya tare shi, Farfesa ta yafito daga nesa ta ce a bar shi.

Ya shiga ƙarƙashin. Sanyi ne a wurin, da wata irin amsa-kuwa. Ya ɗaga kai, ya san motarsa tana nan daidai saman kansa da duk tsakuwarta, da sauran duka. Auta tana tsaye gaban wani dogon ƙarfe da aka kafa daga ƙasa har ya taɓo cikin gadar. A jikinsa akwai agogon awo mai allura ɗaya, bai fi tafin hannu ba.

"Zo ka gani, Yaya."

A kan gilashin agogon akwai wani siririn jan layi. Allurar ta taso daga inda ta kwana ta zo ta tsaya dab da layin, tsakaninsu bai kai silin gashi biyu ba.

"Wannan jan fa?"

"Ita ta ja shi da safe, a gabanmu, tun motocinku ba su iso ba," in ji Farfesa. "Ta ce nan za ta tsaya."

Birki ya dubi allurar, ya dubi gadar, ya dubi ƙanwarsa. Tun babu ko bulo ɗaya a wurin nan, tun kogi ne da ciyawa, yarinyar nan ta zauna da biro ta san iyakar inda wannan dutsen zai sunkuya in an ɗora masa motocin da ba ta taɓa gani ba. Ta faɗa, kuma ya bi maganarta. Ya cire hular kwanonsa ba tare da ya sani ba, sai da Farfesa ta daka masa tsawa ya mayar.

"Ikon Allah," in ji shi, a can cikin maƙogwaro. Ya sake cewa, "Ikon Allah."

Saura abu ɗaya, a ga ko za ta koma. Ya haura ya tada motarsa, shi ya fara ƙetarewa zuwa ɗaya gaɓar, sauran suka biyo shi. Yana ajiye mota ya manna oba-oba a kunne. Motar ƙarshe ta sauka. Sai muryar tsohuwar ta fito, ba ta Auta ba.

"Allura ta koma gidanta. Injiniya, gadarki ta ci."

Wurin ya kaure. Magina suna tafi, direbobi suka danne hon gaba ɗaya, Aku ya leƙo ta taga yana rantsuwa wai shi dama tun da ya ga fuskarta ya san ta iya. Manyan masu duba aiki suka gangara suka yi layi, kowa yana jiran ya gaishe ta. Birki ya tsaya daga nesa yana kallo, ƙirjinsa ya cika har yana masa ciwo. Wani ya tambaye shi ko ya san ta ne, ya ce ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya faɗa da ƙarfi yadda na kusa duk suka juyo.

Sai da jama'a suka ragu ya neme ta ya rasa. Ya zagaya bayan babban ginshiƙi ya same ta zaune a kan wani buhun siminti, ita kaɗai, hular a ƙasa. Tana ƙoƙarin buɗe gorar ruwa, hannuwanta suna rawa, murfin ya ƙi. Ya tsuguna ya karɓa ya buɗe mata. Ta sha, rabi ya zube a rigarta.

"Ashe ke ma kin ji tsoro," in ji shi. "Da wannan jan layin naki da komai."

Ta girgiza kai. Idonta ya kawo ruwa.

"Gadar ban ji mata tsoro ba, Yaya. Na san ta." Ta share fuska da bayan hannu. "Tun jiya da na ga sunanka a tifa ta farko ban iya cin abinci ba. Tsorona kada ka ƙi hawa."

Birki ya sunkuyar da kai. Ya zauna a kan yashi kusa da ƙafafunta, ya riƙe hannun nan mai rawa da nasa biyu, bai sake shi ba har rawar ta tsaya.